Sawun da Yaya Habu ya bi

Da sunan Allah nake farawa, domin shi ne ya ga abin da ya faru a bayan dutsen Tarmit. Bayan shi sai ni, sai wasu Tubawa biyu, makiyayan raƙuman hamadar can, da ban san ko suna raye ba. Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan yayana Habu da na riƙe tun kuna ƙanana, wannan babin dominku na rubuta shi. Na daɗe ina jin maganar tana yawo ina yin kamar ban ji ba. Amma bara, da muka je suna a Baure, ina zaune a zaure ina jiran a raba goro, sai na ji wata tsohuwa a bayan danga tana ce wa 'yar'uwarta, "Shi ne fa wanda ya baro ɗan'uwansa a daji, ya tsira da ransa." Tsohuwar nan ko Damagaram ba ta taɓa takawa ba, ba ta san dajin da ya wuce gonar gero ba, don haka bakinta bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, Sani, babban ɗan Yaya Habu, yana tsaye kusa da dangar. Ya ji, kuma da yamma da ya kawo mini ruwan alwala bai dubi fuskata ba.

Ku da ba ku san shi sosai ba, bari in gaya muku wane ne Yaya Habu. Gidanmu fataucin dabbobi muka gada, daga kasuwar Mai'aduwa zuwa duk inda aka ji shanu sun yi araha. Ni surutu Allah ya ba ni, da iya tuƙa babur, shi ke nan. Shi kuwa ido aka ba shi. In ya duƙa a kan sawun saniya zai ce maka tana da ciki, ko tsohuwa ce, ko ƙafar baya ta hagu tana mata ciwo. An taɓa sace wa wani Bafulatani shanu a kusa da garinmu, Yaya ya bi sawunsu ta cikin gonaki da tsakuwa har ƙasar Mashi, ya tsaya a ƙofar wani gida ya ce a buɗe. Aka buɗe, ga su a ciki suna tuƙa. Tun daga nan ba a yi masa gardama a kan sawu, shi ma ya daina tsammanin za a yi masa. Ba shi da yawan magana, ba shi da mugunta, amma in ya ce haka ne, to haka ne, ko da kana ganin abin da idonka.

Shekarar da nake ba ku labari tana cikin shekarun farko na shari'a. Zancen kasuwa duk ya koma na bulala da yanke hannu, ɓarayin shanu suka yi sanyi na ɗan lokaci, masu zuwa neman Yaya ya bi musu sawu suka ragu. Kasuwa ita ma ba daɗi. Sai labari ya zo cewa damina ta ƙi a arewa can bayan Tasker, Tubawa suna sayar da raƙumansu kafin su mutu a hannunsu. Yaya ya ce ba za mu tsaya a kasuwa dillalai su ci rabonsu ba, za mu bi su har bakin rijiyoyinsu mu saya a can. A tsakar gida ya faɗi maganar, bayan la'asar, Inna mahaifiyarmu tana gyaran wake, matarsa Hansai tana daka.

Hansai ta ajiye taɓarya ta ce, "Malam, ka san hanyar ne?"

Ya ce, "Hanya ai ƙasa ce. Duk inda dabba ta taka ina gani."

Ta ce, "An ce fa can ko itace babu. Mutum sai ya yi tafiyar yini bai ga tsuntsu ba."

Ni, da bakina da ba ya hutawa, na ce, "Yo ba shi ke nan ba, Yaya Hansai, babu mai yi mana kashi a ka." Aka yi dariya, har ita ta murmusa ba don tana so ba. Inna ba ta ɗago ba. Ni ta kalla daga baya ta ce, "Ilu, ka duba babur ɗin nan da kyau kafin ku tashi." Na duba shi kuwa, na sake masa taya, na sayi sababbin jarkokin ruwa biyu.

Muka ƙetare ta Kwangwalam, muka kwana Damagaram, daga nan aka ɗora mana babur a kan wata tsohuwar mota zuwa Gure, daga Gure zuwa Tasker. Tun a hanyar ƙasa ta fara canjawa. Kuka ta ƙare, gawo ya ƙare, sai ƙaya gajeru da tumfafiya, daga baya su ma sai jefi-jefi. A Tasker muka sauka wajen wani mai masauki, Bahaushen Damagaram da ya tsufa a cikin Tubawa. Ya ce mu jira kasuwa ta tashi, zai haɗa mu da wanda zai raka mu. Yaya ya ga wasu fatake 'yan Maigatari a garin, ya ce in muka jira za su riga mu. Da mai masaukin ya ga ba zai juya shi ba, ya fito da mu bayan gari ya nuna mana sawun motoci da ya miƙe arewa maso gabas.

Ya ce, "Ku bi wannan kada ku sake shi. Za ku hango dutse baƙi, dogo, kamar an shimfiɗa shi. Rijiyoyin suna gindinsa ta wannan ɓangaren. Abin da ke bayansa ba naku ba ne. In wani abu ya same ku, ku tsaya a jikin dutse ku ƙona taya, mutanen nan suna ganin hayaƙi daga nesa."

Yanzu na ji an ce gwamnatin Nijar ta killace wajen ta mai da shi gandun namun daji, Turawa suna zuwa ɗaukar hoto. Na yarda, domin wuri ne da in ba tsoro a ranka za ka yi ta tasbihi. Da sassafe yashin ja ne, da hantsi ya yi fari har ido ba ya iya kallonsa. Barewa muka gani garke-garke, ƙanana, launin ƙasar, ba ka ganinsu sai sun motsa. Wani tuje ya tashi a gabanmu, girmansa ya kusa ɗan akuya, ƙarar fikafikansa ta sa na kusa sakin kan babur. Yanyawa ta leƙo daga rami, kunnuwanta sun fi kanta girma, ta kalle mu ta koma. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne shirun wajen. In na kashe babur don inji ya huce, babu kukan zakara, babu jaki, babu ko ƙuda, sai bugun jini a cikin kunnenka. A gida ban taɓa sanin shiru yana da nauyi ba.

Kuskuren farko iska ce ta jawo shi. Ta taso da rana tsaka, ta share sawun motocin kamar an bi shi da tsintsiya. Muna hango dutsen, don haka ba mu damu ba, muka nufe shi. Sai tuddan yashi suka tare mu, muna kewaye wannan muna kewaye wancan, har muka shiga wani kwari tsakanin duwatsu muka fita ta ɗaya gefen ba mu ankara ba. Mun koma bayan dutsen ke nan. A nan babur ya nutse a wani gangare, ya watsar da mu, sarƙarsa ta tsinke, jarka ɗaya ta fashe a kan dutse. Na tashi da gudu na tara hannu, ruwan yana bi ta tsakanin yatsuna, ƙasa tana shanye shi tun kafin ya bazu. Ɗaya jarkar dama mun sha fiye da rabinta. Muka tsaya muna kallon wurin da ya jiƙe har ya bushe a gaban idonmu.

A gindin wani dutse muka kwana. Da gari ya waye Yaya ya zagaya, sai na ji ya kira ni da wata murya mai daɗi da ban ji ba tun da muka bar gida. Na same shi a duƙe. Ga sawu nan a kan yashi, kofato rababbe, mai faɗi, sabo, da yawa, ya nufi gabas, wato ya ba dutsen baya.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Shanu ne, Ilu. Da asuba suka wuce. Saniya da rani in ta yi layi haka da sassafe ina za ta?"

Na ce, "Rijiya."

Ya ce, "To ka gani."

Ku sani, maganarsa a ƙasarmu gaskiya ce da babu mai musu. Duk yaron da ya taɓa kiwo ya san saniya ba ta nisa da ruwa, kuma in ka ɓace da rani ka bi sawunta za ta kai ka bakin rijiya. Da wannan sanin aka haife mu. Muka ɗauki jarkar muka bi. Da farko har ina jin ƙarfi a ƙafata. Da hantsi ya ɗaga na fara ganin abubuwan da ba su kwanta mini ba. Babu sawun makiyayi, ba na takalmi, ba na raƙumi. Na faɗa, ya ce shanun da suka san rijiyarsu su kaɗai suke zuwa. Muka ci karo da kashi, ƙanana ƙanana, busasshe, irin na awaki. Na nuna masa, ya ce akwai awaki a cikinsu, iska ta rufe nasu sawun don ba shi da nauyi. Ko da yake faɗa na ga ya ɗan daɗe yana murza kashin a hannunsa. Ina tafiya ina waiwaye. Dutsen da muka baro kamar katanga ya koma kamar gungumen itace a ƙarshen gona, gabanmu kuma babu komai sai tudu bayan tudu, ko ungulu babu a sama.

Tsoro irin na ranar ban taɓa jinsa ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Na ga cewa in muka haye wani tudun biyu dutsen zai ɓace mana, in kuma iska ta sake tasowa sawunmu ma zai ɓace, mu zama ba gaba ba baya. Na tsaya. Tun da aka haife ni ban taɓa ce wa Yaya a'a ba, ko a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ranar na ce.

Na ce, "Yaya, don Allah mu koma. Mutumin nan ya ce abin da ke bayan dutse ba namu ba ne. Mu je mu ƙona tayar."

Ya ce, "Hayaƙi sai in da mai gani. Wannan kuwa ga shi a ƙasa. Sawu ya taɓa yi mini ƙarya?"

Na ce, "Bai taɓa ba. Amma nan ba gida ba ne. Me saniya za ta ci a nan? Dubi wajen, Yaya."

Ya ce, "Kai za ka koya mini saniya?"

Na durƙusa na kama gefen rigarsa, ina kuka kamar yaro, ni da nake da mata da 'ya'ya. Na haɗa shi da Allah, na haɗa shi da Inna, na kira masa sunan Sani. Ya fizge rigar, ba da fushi ba, ya zauna a ƙasa ya buɗe jarkar. Muna da gorar roba ɗaya da muke sha da ita. Ya cika ta ya rataya, ya miƙo mini jarkar da abin da ya rage.

Ya ce, "To mu raba ƙafa. Kai koma ka ƙona tayarka. In na riga ka samun mutane in zo maka, in ka riga ni ka zo mini. Tashi, rana tana yi."

Wannan ita ce rabuwar da ake ba ku labari a gurguje. Ban gudu ba, ban ɓoye masa ruwa ba, ban bar shi a kwance ba. Da ƙafarsa ya tafi, yana kallon ƙasa, bai waiwayo ba. Na tsaya har ya haye tudun ya ɓace. Sau da yawa na tambayi kaina ko da na bi shi. Da na bi shi da yau babu mai rubuta muku wannan, da kuma babu wanda zai san inda ƙasusuwanmu suke. Ko da na kama shi da kokawa ba zan iya ba, ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba.

Na bi sawunmu na koma, na isa wajen babur bayan la'asar, leɓena ya tsage. Na ciro tayar gaba na ja ta kan wani dutse mai tsawo, na yayyafa mata fetur na ƙyasta ashana. Hayaƙi baƙi ya miƙe sama sambal, don iska ta kwanta. Na zauna a inuwar dutse ina kallon gabas da yamma, gabas da yamma, har wuyana ya ƙage. Babu kowa. Da rana ta kusa faɗuwa na ji tsakuwa ta gangaro, na miƙe ina kiran Yaya. Wani ragon dutse ne a can sama, ja, da gemu har ƙirji da manyan ƙahoni, yana kallona kamar yana mamakin abin da ya kawo ni. Ya juya ya hau inda ko biri ba zai hau ba. Na zauna na yi ta karanta duk abin da na haddace, ina yi ina ɓatawa ina sakewa.

Washegari na ƙona tayar baya, na ƙara da kujerar babur da takalmana na roba. Ruwan ya ƙare tun da safe, duk da cewa jiƙa harshe kawai nake yi. Sai ga ungulaye. A ranar da ta wuce ina neman ko ɗaya a sama ban gani ba, yau ga su sun zo sun sauka a kan dutsen da ke fuskantata, sun jeru, ba sa gaggawa. Wani dila ma ya zo ya zauna daga nesa ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa. Na jefe shi, dutsen bai kai ko rabin tsakaninmu ba, bai ko motsa ba. Harshena ya kumbura ya cika bakina, na so in yi kalmar shahada da ƙarfi sauti ya ƙi fita. Amma ko a lokacin, wallahi, ba kaina nake ji ba kamar Yaya. Ina cewa ni ina da inuwa, shi fa?

Rana ta karkata lokacin da na ga raƙuma biyu sun fito daga kwarin. Na ɗauka idona ne ke yi mini gizo, sai da ungulayen suka tashi na yarda. Wani dattijon Tubawa ne, siriri, baƙi, da ɗansa magidanci, sun ga hayaƙin tun jiya daga rijiyarsu amma sai da suka kewayo dutsen. Dattijon bai bar ni na kafa kai a salka ba. Ya jiƙa gefen rawaninsa ya matsa mini a baki, kaɗan kaɗan, ina fizga yana ture hannuna. Da harshena ya saku na nuna gabas na ce ɗan'uwana, ya bi shanu, ya tafi rijiya. Ɗan ne yake jin Hausa kaɗan, ya juya wa uban. Na ga fuskar dattijon ta canja. Ya sa na kai shi inda sawun ya fara, ya dube shi sau ɗaya, ya yi wata magana gajeriya.

Ɗan ya ce mini, "Ba saniya ba. Naman daji, fari. Ba ya shan ruwa."

Na ce, "Ba ya sha yaushe?"

Ya ce, "Ba ya sha. Haihuwa har mutuwa. Ciyawa kawai. Can babu rijiya, babu mutum, har ƙasar Chadi."

Na zauna a kan sawun. Ashe akwai dabbar da Allah ya yi wa kofato irin na saniya ya kuma raba ta da ruwa, ta fi son inda babu mutum, kuma duk inda ta nufa nesa da rijiya take nufa. Mu ba mu da ita a ƙasarmu, kakanninmu ba su ba mu labarinta ba. Daga baya wasu suka ce mini mariri ce, wasu suka ce wata ce daban, Larabawan wajen kuma saniyar daji suke ce mata. Sanin da ya kai Yaya har Mashi ya dawo da shanun mutane, shi ne ya kama hannunsa ya shiga da shi inda ba a fitowa.

Ba su yi mini gardama ba, ba su tambaye ni abin da zan ba su ba. Dattijon ya duba salkunansu, ya duba rana, ya ɗora ni a bayan ɗansa muka bi. Allah ya taimake mu iska ba ta taso ba, sawun Yaya yana nan a gefen na dabbobin, takunsa dogaye, na mai tabbacin inda za shi. Muka wuce inda muka rabu, ga alamar gwiwoyina a ƙasa. Muka yi ta tafiya har duhu ya hana, da asuba muka ci gaba. Takun ya fara gajarta. Muka tsinci gorar robar, babu komai a ciki. Da hantsi muka hau wani tudu mai tsawo, dattijon ya tsai da raƙuminsa ya nuna ƙasa da bulala, sannan ya nuna gaba.

Ga su can a cikin kwari, farare tas, da ƙahoni dogaye a murɗe, suna kiwon wata busasshiyar ciyawa a hankali, ƙanana a tsakiyarsu. Ban taɓa ganin dabba mai kyansu ba, ban kuma taɓa ƙin wata halitta kamar yadda na ƙi su a lokacin ba, alhali ba su yi wa kowa komai ba. A kan tudun kuwa, ni da ban iya karanta sawu ba, ranar na karanta. Ga inda ya tsaya, ƙafa biyu a haɗe. Ga inda ya zauna, ya daɗe, har yashin ya lotsa. Ga inda ya tashi ya juya ya fuskanci yamma. Ya gan su da idonsa, ya gane, ya kama hanyar dawowa wajena. Sai dai bai bi sawunsa na zuwa ba, ya yanke, ina jin hayaƙin ya hango ya nufa kai tsaye, shi ya sa muka saɓa.

Sawun dawowar ba na so in tuna shi. Yana karkata hagu yana karkata dama, ga inda ya faɗi, ga inda ya yi rarrafe, ga hularsa. Ina kan raƙumi ina addu'a kada mu same shi, ina addu'a mu same shi. A bayan wani tudu muka hango wani ɗan kurmin ciyawa, da farin abu a jikinsa. Na diro tun raƙumin bai durƙusa ba. Yaya ne, ya tona yashi ya shige da rabin jikinsa don sanyi, ya lulluɓe kansa da riga. Na yaye rigar. Fuskar ta yi baƙi ta shige ciki, ban gane shi ba sai da tsagar da ke kumatunsa. Ƙirjinsa yana motsi.

Na ɗora kansa a cinyata. Dattijon ya miƙo mini jiƙaƙƙen rawani, ni na matsa masa da hannuna, ɗigo ɗigo, yadda aka yi mini. Maƙogwaronsa ya motsa, ya haɗiye, ya sake haɗiyewa. Muka yi masa inuwa da bargon raƙumi, muka jiƙa masa kai da ƙirji. Can ya buɗe ido, ya daɗe yana kallona kafin ya san ni. Na kai kunnena bakinsa.

Ya ce, "Ilu. Ba shanu ba ne."

Na ce, "Na gani, Yaya. Sha ruwa."

Ya sha. Har ya iya kurɓa daga ƙoƙon hannuna, na fara cewa a raina an tsira. Dattijon dai ya koma gefe ya zauna yana jan carbi. Jikin Yaya zafi kamar an ciro shi daga wuta, kuma duk ruwan da muka zuba bai sa ya yi gumi ba. Wajen azahar na ji numfashinsa ya canja. Na yi ta maimaita masa kalmar shahada, leɓensa yana bi, har ya daina bi. Ruwan da ya rage ba zai yi wanka ya kuma mai da mutum uku rijiya ba, don haka taimama na yi masa, fuska da hannuwa, da yashin wajen. Dattijon ya ja mu salla, muka tona da hannu da takobi, muka rufe shi da rigarsa da rawanina.

Da na dawo gida ni kaɗai, babu babur babu raƙumi, an yi mini tambayoyi har na gaji. Wasu samari masu sabon karatu suka tsaya a kan taimamar, ko ta halatta ko ba ta halatta ba, sai da limamin garinmu ya tsawata musu. Hansai ba ta zarge ni ba ko da rana ɗaya, ku tambaye ta tana nan da ranta. Inna ce kaɗai ba ta tambaye ni komai ba. Yaya ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, kuma ko a zaman makoki ba ta yarda an ga hawayenta ba. Sai da aka share makoki, baƙi suka watse, wata safiya na shiga gaishe ta na same ta ita kaɗai a bakin ɗakinta.

Ba ta dube ni ba ta ce, "Da ƙishirwa ya tafi?"

Na ce, "A'a, Inna. Ya sha. A hannuna ya sha, kansa yana kan cinyata."

Ta ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "Wallahi ya sha har ya kauda kai."

Sannan ta kama hannuna na dama ta juya tafin sama, ta daɗe tana kallonsa, ta kifa fuskarta a ciki. Na ji tana cewa, "Habu, Habu," a hankali, yadda ake kiran yaro ya tashi daga barci.